Yadda Magidanci Zai Kai Iyalinsa Hutu Kusa da Gida da Kuɗi Kaɗan

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mota ya zama abu na farko da magidanci yake lissafawa kafin ya amsa kowace gayyata, kuma a gidaje da yawa an jingine maganar fita hutu da iyali sai ranar da hali ya yi. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Abin da ya fi ƙarfin yawancinmu shi ne doguwar tafiya mai buƙatar tikitin jirgi da biza da canjin dala, amma yini guda ko kwana biyu a wurin da bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga ƙofar gida ba abu ne da ma'aikaci da ɗan kasuwa za su iya, matuƙar sun san ta inda kuɗi ke zurarewa sun toshe tun kafin a tashi.

Abin da ya kamata a fara ƙirgawa shi ne yawan kwanakin da za a yi a waje. Kowane dare guda yana jawo kuɗin ɗaki da abincin dare da karin kumallo na kowane mutum, kuma ga mai mata da 'ya'ya biyar wannan kan zarce kuɗin mota nesa ba kusa ba. Saboda haka hutu mafi sauƙi shi ne wanda ake fita bayan sallar asuba a dawo kafin magariba, kuma mafi sauƙi a cikinsa shi ne wanda ake yi a garin da mutum yake zaune.

Mutumin Kano zai iya haihuwa ya tsufa bai taɓa shiga Gidan Makama ba, alhali ginin yana nan kusa da fadar sarki, tarihinsa yana komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Yini guda ya isa a hau Dala da sanyin safiya a hango birnin gaba ɗaya, a sauko a zaga Gidan Makama, sannan a biya marinar Ƙofar Mata. A marinar, ka bar yara su tsaya a bakin rami su ga yadda marini yake tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya ɗago shi yana ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonsu, sa'annan ya sake tsomawa. Yaro ba ya manta irin wannan, kuma abin da za a kashe bai wuce kuɗin adaidaita sahu da ɗan abin shiga da ihsanin da za a yi wa mai bayani ba. Haka mutumin Katsina yake da hasumiyar Gobarau, mutumin Zariya yake da ganuwa da dutsen Kufena, mutumin Sakkwato yake da Hubbaren Shehu, mutumin Jos kuma yake da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓu na Nok. Hawan Sallah ma, wanda baƙi ke tsallako teku domin kallonsa, kyauta ne ga duk wanda ya sami wurin tsayawa da wuri.

Idan an gama da na gida, sai a faɗaɗa zuwa garuruwan da ake iya zuwa a dawo a yini. Daga Kano ana bi ta Kazaure a isa Daura da hantsi, a ga rijiyar Kusugu da ake danganta ta da labarin Bayajida da macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a yi azahar, a kamo hanya. Madatsar ruwa ta Tiga ma ba ta buƙatar kwana. Dabarar ita ce a zaɓi wuri guda a ba shi haƙƙinsa, domin wanda ya ce sai ya haɗa gari uku a yini ɗaya zai ƙare yininsa a cikin mota, ya ƙona mai, yara su gaji, ba a ga komai da kyau ba.

Tafiyar da ta cancanci a kwana, a wurina, ita ce ta gandun namun daji na Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma da ita zan nuna yadda ake lissafin. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga Kano ana bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi a shiga Bauchi, daga nan a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya zuwa babbar ƙofa da ke Mainamaji. Abin da mutane da yawa ba sa sakawa a lissafi shi ne daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai kimanin kilomita 40 a cikin daji, kuma ba hanya ce da motocin haya ke kai da komo a kanta ba. Wanda ya zo a motar tasha ba tare da ya shirya wannan ɓangare ba zai tsinci kansa yana ciniki a wurin da ba shi da zaɓi, kuma kowa ya san yadda farashi yake kasancewa idan mai saye ba shi da zaɓi. Mafita ita ce gida biyu ko uku su haɗu su ɗauki shatar mota tun daga Bauchi, ko tun daga gida, a yi magana a fili cewa kuɗin ya haɗa da kaiwa da jira da dawowa, a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin mai da abincin direba da makwancinsa. Idan aka raba wannan a kan mutum goma sha huɗu, kason kowa yakan sauko sosai.

Kafin a tashi a kira masu kula da wurin a tambayi kowane kuɗi daban: na shiga, na ɗaki, da na motar zagayen ganin namun daji. Idan da mota ake lissafa kuɗin zagayen, to a haɗu da wasu baƙin a cika ta. A kuma tambayi ko yara da ɗalibai suna da rangwame, domin tambaya ba ta cin kuɗi.

Zaɓen lokaci yana da muhimmanci ƙwarai a nan, saboda yana iya sa a kashe kuɗi iri ɗaya a sami sakamako daban. A cikin rani, daga wajen watan Janairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, ruwa ya ja baya, dabbobi suna gangarowa kogin Gaji, don haka damar ganin ɓauna da gwanki da dorina, har da giwa idan an dace, ta fi yawa. Da damina kuwa daji ya rufe, ana iya zagayawa sa'o'i ba a ga abin kirki ba. Wannan ya sa dogon hutun makaranta na watan Agusta bai dace da Yankari ba. Lokacin ya fi dacewa da wuraren da ruwa ke zubowa daga kan dutse, irin su Gurara a jihar Neja, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Assop a kan hanyar Jos, sai dai a riƙe hannun yara sosai domin ruwan yana da ƙarfi a lokacin. Ƙarshen Disamba da ranakun Sallah kuma lokutan cunkoso ne, ɗakuna suna cika, kuɗin mota yana tashi. Wanda zai iya ɗaukar hutun aiki a tsakiyar mako, Talata zuwa Laraba, zai sami wuri a natse kuma bakinsa zai fi ƙarfi wajen ciniki.

Shi kansa ruwan Wikki ya isa dalilin zuwa. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa yana kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashin da ke ƙasa. Sai dai a kula da birai. Gwaggon biri a sansanin ya saba da mutane, yana zaune a gefe kamar bai damu ba, da zarar an ajiye leda an juya baya ya sure ta ya haye bishiya. A rufe ƙofar ɗaki da gilashin mota, kada a ba yaro abinci a hannu yana yawo da shi, domin guzurin da biri ya ɗauke kuɗi ne za a sake fitarwa.

Wannan ya kawo mu ga guzuri, wanda shi ne wurin da uwargida take ceton kuɗi fiye da kowa. Abincin kan hanya da na wuraren shaƙatawa kullum ya fi na gida tsada, kuma yaro idan ya ga mai talla a tagar mota ba ya tuna ya ƙoshi. A daren tafiya a soya kaza ko nama a tsane mai sosai, a dafa ƙwai, a tanadi dambun nama da cincin da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da sukari, waɗanda duk suna jure zafi. A daskarar da ruwa da zoɓo a cikin gora tun jiya, su yi aikin ƙanƙara a cikin kula kafin su narke a sha. Kunun aya da abinci mai miya ba sa son doguwar hanya, a ci su da wuri ko a bar su a gida. A sa fulas na ruwan zafi da ganyen shayi da burodi, karin kumallo ya samu ke nan ba tare da an nemi mai shayi ba. Ban ce kada a ɗanɗani abincin gari ba; wanda ya je Bauchi bai ci masa ba ya yi asara. A ware kuɗin cin abinci sau ɗaya a waje, a ci da daɗin rai, sauran kuma a dogara da abin da aka taho da shi.

Game da masauki, al'adarmu ta sauƙaƙa mana abin da wasu ke biya da tsada, domin da wuya a rasa ɗan'uwa ko abokin karatu a babban gari. Amma a tuna cewa halin da ake ciki ya shafi mai masaukin kamar yadda ya shafi baƙo. A sanar da shi tun da mako guda, a faɗi yawan mutane da ranar tafiya, a riƙo shinkafa ko mai ko wani abin cefane, kada a wuce kwana ɗaya ko biyu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma ragin kuɗin da zai ɗora nauyi a kan wani gida bai dace da mai mutunci ba. Idan otal za a kama, a duba ɗakin da ido kafin a biya, a tambayi sa'o'in da ake kunna janareta da yanayin ruwa, a kuma nemi ragi idan ɗaki biyu ko kwana biyu za a ɗauka.

Wanda zai bi motar haya ya je tasha da sassafe, saboda motar farko tana cika da wuri kuma tana isa da rana. Ya shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar waya, ya guji ta bakin hanya ko da ta fi araha. Ya yi cinikin kaya kafin a ɗaure su a but. Mai motar kansa kuma ya kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya a duba taya da birki da baƙin mai da ruwan lagireto, domin gyaran da aka yi a garin da ba a san kowa ba yakan cinye kuɗin hutun gaba ɗaya. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2016, daga Idu zuwa Rigasa. A sayi tikiti ta intanet da wuri, kada a jira sai an faɗa hannun masu sayarwa a bayan fage.

Akwai wuri guda da ba a neman araha, shi ne tsaro. Kafin a tsayar da rana a tambayi direbobin tasha da mutanen garin da za a je halin da hanya take ciki a wannan makon, ba a dogara da labarin bara ba. Ba a tafiyar dare da iyali ko da kwana zai ƙara kuɗi, kuma idan aka ce hanya ba ta da kyau sai a sauya wuri ko a ɗaga tafiyar.

Sai tsaraba, wadda take cin kuɗi a ɓoye saboda kunya. Tun a gida a rubuta sunayen waɗanda za a kawo wa, a yanke adadin da ba za a wuce ba, a sayi abu ɗaya mai yawa da za a iya rarrabawa, kamar ƙuli-ƙuli ko dabino ko kayan lambu idan daga Jos aka fito, a cikin kasuwar gari inda 'yan gari ke saye. Abin da ake sayarwa a bakin ƙofar wurin ziyara ko a tasha farashin baƙo ne. Yara kuma a ba kowa ɗan abin da zai kashe tun daga gida, a gaya masa idan ya ƙare ya ƙare.

Kuɗin tafiyar gaba ɗaya bai kamata ya fito daga albashin wata guda ba, balle daga bashi. A fara tara shi tun wata huɗu ko biyar kafin lokaci, ko a asusu ko a adashe tsakanin gidajen da za su tafi tare, a tsara kwasar ta faɗo daidai makon tafiya. Idan an haɗa lissafin mota da masauki da abinci da kuɗin shiga da tsaraba, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a ajiye shi daban a hannun uwargida saboda faci ko magani ko wani abin da ba a zata ba. A riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin a cikin daji sabis yana ɗaukewa, tura kuɗi ta waya ba ya yiwuwa, mai POS kuma yana can a gari. A ba babban yaro ƙaramin littafi ya riƙa rubuta duk abin da aka kashe tun daga kuɗin adaidaita zuwa tasha har zuwa ruwan leda na ƙarshe, a ajiye littafin a gida domin da shi za a yi lissafin tafiya ta gaba.