Yadda za ka riƙe mota a kan 90 daga Garwa zuwa Marwa ba tare da fasinja sun cinye ka ba

Jiya a tasha gardama ta kaure, wai ya kamata gwamnati ta rage gudun mota a duk manyan hanyoyin Kamaru kowa ya dawo kilomita 90 a awa ko ma 80, wasu na cewa eh wasu na cewa haba, dokar da ke akwai ma wa ke bin ta in ba an hango jandarma ba. Ni dai na daɗe a kan sitiyari tsakanin Ngaundare, Garwa da Marwa kuma abin da na gani shi ne ko an sa dokar ko ba a sa ba ƙafarka ce ke kan totur, toh bari in faɗa maka yadda nake yi.

Abin ba sabo ba ne fa. Amurka ta taɓa yi a 1974 bayan Larabawa sun rufe musu famfon mai a 1973, shugaba Nixon ya sa hannu aka ce duk ƙasar kar a wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89, kuma don tsimin mai aka yi ba don rai ba amma sai ga shi mutuwa a hanya ta ragu sosai a shekarar. Mutane suka yi ta ƙorafi, a 1987 aka ɗaga zuwa 65 a wasu hanyoyi, a 1995 aka soke gaba ɗaya aka bar wa jihohi. Faransa ma a 2018 ta sauke 90 zuwa 80 a hanyoyin da ba a raba tsakiyarsu ba. Irin namu ke nan, hannu biyu, kana tafe tirela na tahowa.

Ka fara da lissafi tukuna don shi ne zai kwantar maka da zuciya. Garwa zuwa Marwa wajen kilomita 210 ne. A kan 120 awa ɗaya da minti 45, a kan 90 awa biyu da minti 20, bambancin minti 35, kuma wannan a takarda ne, don wa ya taɓa riƙe 120 tun daga fita gari har shiga Marwa? Ga kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ga Figil da manyan motocin siminti, ga shingen biyan sefa 500, ga ramuka, ga garken shanu. Wanda ya wuce ka kamar iska sau nawa ka tarar da shi a shinge na gaba yana laluben takardu.

Sai maganar mai. Iskar da mota ke turawa ba ƙaruwa take daidai da gudu ba, ninkawa take, in ka tashi daga 90 zuwa 120 ƙarfin da iska ke danne ka ya kusa ninki biyu, balle in ka ɗaure buhuna da akwatuna a sama. Tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai sefa 840 ce, gazuwal 828, zuwa-zuwa kuma, wato man sumoga daga Najeriya da muke fakewa da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina zama na banza. Kar ka yarda da ni, gwada da kanka: cika tanki dam, rubuta lambar maleji, je Marwa yadda ka saba ka sake cikawa ka ga lita nawa ta sha, tafiya ta gaba ka yi a kan 90 da irin lodin. A tawa tsohuwar motar lita uku zuwa huɗu nake gani a tafiya ɗaya, ka lissafa a wata.

Riƙewar ita ce aikin. Ka shiga babbar giya da wuri, ka aje ƙafa wuri guda, ka daina wannan taka-saki taka-saki, in ka hango gari ko rami tun daga nesa ka ɗaga ƙafa motar ta sauko da kanta maimakon ka zo dab ka daki birki. Ni har ɗan farin salatif na manna a gilashin maleji daidai 90, don in hanya ta miƙe kuma hira ta yi daɗi ba ka sanin lokacin da allura ke hayewa. Tsakaninka da na gaba ka bar tazarar daƙiƙa uku, ka zaɓi bishiya, in ya wuce ta ka ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin kai ka kai.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya ka ji da kyau ɗan'uwa. A kan 90 kana cin mita 25 duk daƙiƙa, a kan 120 mita 33. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki daƙiƙa ɗaya ta tafi. A kwalta mai kyau busasshiya da taya mai kyau, mai 90 zai tsaya cikin wajen mita 70, mai 120 sai ya wuce mita 110, wato a daidai inda na farko ya tsaya cak shi na biyu yana nan da gudun da ya isa ya kashe. Ni na gani da idona kusa da Ngong da la'asar sakaliya, hazo ya sauko, wani ɗan maraƙi ya ɓalle daga garke ya faɗo titi yaron da ke kiwo ya biyo shi da sanda bai ko duba ba. Na taka birki motar ta tsaya har ina ganin ƙurar da ke gashin idon yaron, ba zai wuce shekara tara ba. Na kashe mota na fi minti biyar hannuna na rawa, wata Hajiya a baya sai salati take.

Taya kuma ka duba iskarta da safe tana sanyi, ba bayan ka yi tafiya ba. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura 40, tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe, ga lodi ga gudu. Masu rage iska wai don zafi suna jawo abin da suke gudu ne.

90 ɗin ma rufi ne ba farilla ba. Cikin gari da ƙauye ka bi allo ka sauko sosai, da dare ko cikin hazo ko ruwan sama ka rage, lokacin jigilar auduga ka yi haƙuri a bayan manyan motoci har sai ka ga gabanka tar kafin ka wuce. Gangaren dutsen Ngaundare wajen Mbe kuwa ba a maganar 90 sam, ka sa ƙaramar giya tun daga sama injin ya riƙe motar, in ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya sake ka a kwana.

Saura fasinja, su ne jarabawar. Dole a samu mai cewa direba yau jaki muka hau ne? Kar ka yi musu. Tun kafin a tashi nake cewa Alhaji, in sha Allahu ƙarfe kaza muna Marwa, in faɗi lokacin da na san zan cika har da rarar minti goma, mutum in ya san lokacin isa ba ya kallon allura. Mai sauri na gaske kuma, wanda zai kama motar Kusiri ko yana da marar lafiya, ina ce masa mu tashi bayan asuba maimakon ƙarfe takwas, hanya ba kowa, injin na shan sanyi, mu karya da shayi da burodi a Figil.