Kurakuran da ke kashe fitilar LED a kan keken ɗinki na masana'anta

Da azumi ya raba tsakiya, shagunan teloli a kewayen Wunti da Muda Lawal a Bauchi ba sa rufewa sai asuba ta gabato, kuma a lokacin ne fitilun da aka haɗa da gaggawa ke fara mutuwa. Sau da yawa ƙwan LED ɗin lafiyarsa ƙalau. Girgiza da zafi da mai da rashin daidaiton wuta su ke cinye haɗin.

Babban kuskure shi ne raina girgizar keken. Keke samfurin Juki DDL-8700 yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya, duk abin da aka ɗaura masa kuwa tare suke karkarwa. Waya mai silli ɗaya, irin ta wayarin gida, takan karye daidai inda dalma ta ƙare. A yi amfani da waya mai silli da yawa, mai kaurin milimita 0.5 murabba'i, a liƙe da dalma maimakon murɗawa da naɗa salatef, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Sannan a ɗaure wayar a jikin mariƙin fitilar kamar santimita 3 daga wurin liƙin, domin jijjigar ta tsaya a kan ɗaurin. Noti ma ya zama mai roba a ciki, ko a sa masa wosha mai sifirin. Wayar ta bi ta bayan kan keke ta sauka ƙarƙashin tebur, nesa da bel.

Kuskure na biyu shi ne dogaro da gam ɗin da ke bayan zirin LED, wato siririn tef ɗin nan mai ƙananan ƙwai a jere. Waɗannan kekuna suna da tiren mai a ƙasa, kuma man yakan bi jikin ƙarfe a hankali har ya jiƙa gam ɗin, wata rana zirin ya faɗo kan shaddar mutane. Zafi ma yana nan: a Maris da Afrilu Bauchi kan kusanci digiri 40, LED kuwa haskensa na dushewa da wuri idan zafinsa ya rasa mafita. A sa zirin cikin ɗan kwararon alminiyam mai farin murfi, a goge da sifirit kafin a manna, a ɗaure kwararon da noti. Alminiyam ɗin zai janye zafi, murfin kuma ya rage walƙiyar da shadda mai maiƙo ke mayarwa ido.

A wajen wuta aka fi yin ɓarna. Wasu motocin lantarki masu kuloc da ke juya keken suna da mafitar bolt 6 ta ƙwan fitila, amma wuta ce mai kai da komo. Idan aka jona LED kai tsaye zai riƙa ƙiftawa sau 50 a daƙiƙa. Ido ba lallai ya kama ba, sai dai allura ta riƙa bayyana kamar ta tsaya ko ta rabu biyu alhali tana gudu, ga ciwon kai bayan awanni. Wannan hatsari ne ga yatsa, kada a ɗauke shi wasa. Mafi sauƙi a bar motar, a sayi adafta mai kyau ta bolt 12, amfiya 1, wadda aka rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don ta jure hawa da saukar wutar janareta. Ziri samfurin 5050 mai ƙwai 60 a mita yana cin wat 14.4, ke nan santimita 20 bai kai wat 3 ba, adaftar ba za ta ko yi ɗumi sosai ba. A yanka zirin a kan layin da aka shata bayan kowane ƙwai uku.

Masu jonawa a batirin sola su lura: batirin da ake kira bolt 12 yakan kai 14.4 lokacin caji. Ƙwai ukun suna ɗaukar wajen bolt 9, ragowar tana kan rizisto, ɗan abin da ke taƙaita wuta a jikin zirin, don haka wannan ɗan ƙarin yakan kusan ninka wutar da ke ratsa su. Diyod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) samfurin 1N4007 guda biyu a jere za su rage kusan bolt 1.4, a ƙara fis na amfiya 1 kusa da batirin.

Game da launi, farin da ya yi shuɗi-shuɗi, mai 6500K a ma'aunin launin haske, yana gajiyar da ido. A nemi 4000K zuwa 5000K, mai CRI 90 (ma'aunin yadda haske ke nuna launi na gaskiya) idan an samu. A kafa fitilar santimita 10 zuwa 15 daga allura, ƙasa da layin ido, a ɗan karkace, yadda inuwar ƙafar keke ba za ta rufe bakin ɗinki ba. Wanda zai yi amfani da gindi mai maganaɗisu ya fara gwadawa, domin wasu kawunan keke na alminiyam ne, ba ya kama su. Inda ya kama kuma, a shimfiɗa siririyar roba a ƙarƙashinsa don kada girgiza ta riƙa zamar da shi zuwa kan bel.