Yadda ake ajiye garin kulorin da yadda ake zubar da ragowarsa

Da damina ta kama a Bauchi, tsoron amai da gudawa yakan sa mutane su sayi garin kulorin don tsaftace rijiya da tankin ruwa. Wanda ake sayarwa a farin durom yana da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Shi kansa ba ya cin wuta, amma yana hura ta. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda nake ganinsa a shaguna, jingine da jarkar fetur ko buhun taki.

Ka fara da zaɓar wuri: ɗaki mai inuwa, busasshe, da iska ke ratsawa, kuma mai makulli. Kada ka sa shi ƙarƙashin kwano tsirara, don zafin Maris da Afrilu yana lalata shi. Ka ɗora shi kan bulo saboda lema, a cikin mazubinsa na asali, murfi a rufe ruf.

Sannan ka raba shi da abokan gabarsa. Fetur, baƙin mai, man birki, takin yuriya, tsumma da dusar katako, duk suna iya jawo gobara in sun haɗu da shi. Ruwan batir da sinadarin wanke masai kuwa, hayaƙi mai shaƙe numfashi suke tayarwa. Wajen ɗiba, ka sa safar hannu da tabarau, ka yi amfani da busasshen ludayin roba da ba a taɓa komai da shi ba. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba.

Wanda ya zube ƙasa kada ya koma durom. In kaɗan ne, ka narkar da shi a ruwa mai yawa, ka bar shi a fili kwana biyu ko uku inda yara da dabbobi ba sa zuwa, sannan ka tuttular a kwata kana bin sa da ruwa. Ban da rafi, ban da tafkin kifi, ban da bola. In da yawa ne ko ya dunƙule, ka tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, wato BASEPA.

Durom ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a huda gindinsa, don kada wata uwa ta zuba masara a ciki. In garin ya shiga ido, a wanke da ruwa minti 15, a nufi asibiti.