Yadda Ake Tantance Neman Haƙƙin Ƙirƙira a Kan Giyar Mota Mai Haɗa Injin Mai da Lantarki

Idan wani kamfani ko injiniya ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a kan tsarin da ke kai ƙarfi daga injin mai da injin lantarki zuwa tayoyin mota, mai tantancewa zai amsa tambayoyi uku ne: shin abin sabo ne, shin ya wuce abin da ƙwararre a fannin zai iya kaiwa gare shi ba tare da wata basira ta musamman ba, kuma shin an bayyana shi yadda wani zai iya ƙera shi? Haƙƙin da za a bayar yana ɗaukar shekara 20 daga ranar shigar da takarda, don haka kuskure a wannan mataki yana iya ɗaure hannun sauran masu ƙera motoci na tsawon lokaci, ko kuma ya tauye wa mai ƙirƙira abin da ya cancanta. A wannan fanni, kayan aikin kusan iri ɗaya ne a kowace takarda, wato inji, janareta, kuloci, birki da giyoyi. Abin da ke bambanta ƙirƙira da ƙirƙira shi ne yadda aka haɗa su, kuma a kan wannan haɗi ne ya kamata tantancewar ta tsaya tun daga farko har ƙarshe.

Ana farawa ne da da'awowi, wato jumlolin da ke ƙarshen takarda waɗanda suke shata iyakar abin da ake neman a kare. Zane da dogon bayani suna taimakawa wajen fahimta, amma da'awa ce ake yanke hukunci a kanta. Mai tantancewa ya ɗauki da'awa ta farko, wadda ba ta jingina da kowace ba, ya rarraba ta ɓangare-ɓangare, ya ba kowane ɓangare lamba. Daga nan sai ya ajiye zanen mai nema gefe guda, ya zana nasa da hannunsa, ba tare da ya saka kome ba sai abin da kalmomin da'awar suka faɗa. Sau da yawa a nan ake gano cewa zanen da ke cikin takarda yana nuna kuloci uku da giya mai kewaye biyu, alhali da'awar ba ta ambaci fiye da kuloci ɗaya ba, wanda ke nufin tana da faɗi fiye da yadda ake zato, kuma tsofaffin takardu da yawa za su iya faɗawa cikinta. A lura sosai da kalmomi irin su "an haɗa da". Haɗi na dindindin daban ne da haɗi ta hanyar kuloci, kuma haɗi kai tsaye daban ne da wanda giyar rage gudu ta shiga tsakani. Idan da'awa ba ta fayyace ba, ana ɗaukar ma'anar da ta fi faɗi muddin ta dace da bayanin, sannan a rubuta wa mai nema cewa haka aka fahimta.

Wanda bai san lissafin giya mai kewaye ba zai sha wahala a wannan aiki, domin ita ce tushen yawancin tsare-tsaren. Tana da gaɓoɓi uku da ake iya haɗa wani abu da su: giyar tsakiya, zoben waje mai haƙora a cikinsa, da mariƙin ƙananan giyoyin da ke kewayawa tsakaninsu. Ƙa'idarta ita ce, idan aka ninka haƙoran giyar tsakiya da gudunta, aka tara da haƙoran zobe da aka ninka da gudunsa, sakamakon zai yi daidai da jimillar haƙoran biyun da aka ninka da gudun mariƙi. Toyota Prius, wadda ta fara shiga kasuwar Japan a watan Disamba na 1997, misali ce mai kyau ta gwaji. A cikinta injin mai yana juya mariƙi, ƙaramin injin lantarki da ke aikin janareta yana kan giyar tsakiya, zobe kuwa yana haɗe da babban injin lantarki da kuma tayoyi. Giyar tsakiya tana da haƙora 30, zobe yana da 78, saboda haka kusan kashi 72 cikin ɗari na ƙarfin murɗawar injin mai yana tafiya ta zobe, sauran kashi 28 kuma ya nufi janareta. Idan mota tana tsaye, injin mai yana juyi 1,000 a minti, giyar tsakiya za ta yi 3,600. Idan kuma injin mai yana kashe mota tana tafiya da lantarki kaɗai, giyar tsakiya za ta riƙa juyawa da baya da gudun da ya ninka na zobe sau 2.6, wanda shi ne dalilin da ya sa ake samun iyaka ga gudun da irin wannan tsari zai iya yi ba tare da an tayar da injin mai ba. Takardu masu yawa da suka biyo baya, waɗanda suka ƙara kuloci ko birki ko giya ta biyu, suna neman magance irin waɗannan matsaloli ne, kuma mai tantancewa da ya fahimci tushen matsalar zai gane nan take ko ƙarin da aka yi yana da amfani ko kuwa ado ne.

Hanya mafi sauƙi ta kwatanta tsare-tsare biyu ita ce zanen sanda, wanda Benford da Leising suka gabatar a wata maƙala ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE a 1981. Ana mayar da giya mai kewaye sanda guda mai ɗigo uku, tazarar da ke tsakaninsu ta bi yawan haƙora, sannan a rataya kowane inji da kuloci a ɗigon da ya dace. Tsare-tsare biyu da zanensu bai yi kama da juna ba ko kaɗan a takarda suna iya fitowa sanda ɗaya, haka kuma biyu masu kama da juna suna iya rabuwa. Chevrolet Volt ta 2010 ita ma tana da giya mai kewaye guda ɗaya da injin lantarki biyu, amma a cikinta babban injin lantarki ne ke juya giyar tsakiya, mariƙi ne ke kai ƙarfi ga tayoyi, zobe kuma ana iya kulle shi ko a haɗa shi da janareta ta hanyar kuloci. Mai duba jerin kaya kawai zai ce ita da Prius abu ɗaya ne, alhali yadda ƙarfi ke gudana a cikinsu ya bambanta.

Kafin a shiga bincike, wajibi ne a tabbatar da ranar fifiko, wato ranar da aka fara shigar da takardar nema a kan ƙirƙirar, domin ita ce ke raba abin da za a iya kafa hujja da shi da abin da ba za a iya ba. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mai nema wata 12 ya shigar da takarda a wata ƙasa yana riƙe da ranar takardarsa ta farko, amma fifikon bai shafi kome ba sai abin da takardar farkon ta ƙunsa. Idan kuloci na biyu ya bayyana ne a takarda ta baya, to da'awar da ta ambace shi ba za ta ci wannan gajiya ba. A kuma tuna cewa ana buga takardun nema ne bayan wata 18, don haka akwai waɗanda aka shigar kafin ranar fifiko amma ba su fito ba sai bayanta. A ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ana amfani da irin waɗannan wajen auna sabunta kaɗai.

Binciken kansa ya fi inganci idan aka bi lambobin rarraba fasaha maimakon dogaro da kalmomi, saboda kowane kamfani yana da sunan da yake kiran abu guda, fassarar takardun Japan, Jamus, Koriya da Sin kuwa tana ƙara dagula lamarin. Rukunin B60K 6 shi ne na tsarin motocin da ke da tushen ƙarfi iri biyu, kuma a ƙarƙashinsa 6/365 ya tattara masu giya mai kewaye, 6/387 masu kulocin da ake sarrafawa, 6/445 masu raba ƙarfi ta giyar bambanci, 6/46 waɗanda injin mai ke ciyar da janareta kaɗai, 6/48 kuma waɗanda injinan biyu ke tura tayoyi tare. B60W 20 na dabarun sarrafa irin waɗannan motoci ne, F16H 3/72 kuma na giyoyin da ake sauya gudunsu da taimakon inji na biyu, kuma a nan ne akan ci karo da tsofaffin takardu na injinan masana'antu da taraktoci waɗanda ba su ambaci mota ba sam, amma haɗinsu daidai yake da wanda ake nema. Rumbunan binciken takardun haƙƙin ƙirƙira na intanet, irin su Espacenet, Patentscope da J-PlatPat, duk a buɗe suke ga kowa. Kada a tsayar da bincike a shekarun 1990. Henri Pieper ya samu haƙƙin Amurka mai lamba 913,846 a 1909 a kan mota mai haɗa injin mai da lantarki, injiniyoyin kamfanin TRW kuma sun samu mai lamba 3,566,717 a 1971 a kan tsarin raba ƙarfi ta giya mai kewaye. Maƙalun injiniyoyi, littattafan gyaran mota da motocin da aka riga aka sayar duk suna cikin abin da ya riga ya fito.

Auna sabunta ba ya ɗaukar dogon lokaci idan an yi aikin baya da kyau. Ana neman takarda guda ɗaya da ta ƙunshi dukan ɓangarorin da'awa a haɗe kamar yadda aka faɗa, kuma ba a yarda a ɗebo kuloci daga wannan takarda a ɗebo giya daga waccan ba. A rahoton bincike, harafin X yana nuna takardar da ita kaɗai ta isa ta kayar da da'awa, Y wadda sai an haɗa ta da wata, A kuma wadda ta nuna yanayin fannin kawai.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne batun basira. Ofishin Turai yana bin matakai sanannu: a zaɓi takardar da ta fi kusa, a fitar da bambancin da ke tsakaninta da da'awa, a tantance amfanin da bambancin ya haifar, a gina matsalar fasaha daga wannan amfani, sannan a tambaya ko ƙwararre da ke fuskantar matsalar zai kai ga wannan mafita. Abin nema shi ne ko akwai dalilin da zai sa ya yi hakan, domin iya yi kaɗai bai isa hujja ba. A Amurka kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex a 2007, wadda ta shafi fedar totur mai na'urar auna matsayi, ya nuna cewa idan hanyoyin mafita ƙidayayyu ne kuma ana iya hasashen sakamakonsu, gwada su ɗaya bayan ɗaya ba lallai ya zama ƙirƙira ba. Wannan ya shafi giyar mota kai tsaye, domin hanyoyi shida ne kacal ake iya raba abubuwa uku ga gaɓoɓi uku na giya mai kewaye guda ɗaya. Sai dai bai kamata a ɗauki wannan hujja a riƙa sara da ita ko'ina ba. Da zarar an saka giya mai kewaye ta biyu da kuloci uku ko huɗu, yawan hanyoyin haɗi yana ƙaruwa ƙwarai, kuma mafi yawansu ba sa aiki ko kuma suna sa ƙarfi ya riƙa zagayawa tsakanin injinan lantarki biyu yana ɓacewa a matsayin zafi. Zaɓo wanda ke rage wannan asara a gudun babbar hanya, ko wanda ke ba da damar amfani da ƙaramin janareta, yana iya zama basira ta gaske. Abin da mai tantancewa zai nema shi ne ko bayanin ya nuna wannan amfani da lissafi ko jadawali, kuma ko ana samun amfanin a duk faɗin da'awar ko kuwa a tsari ɗaya tak da aka zana. Ya kuma yi hattara da kansa, domin wanda ya riga ya karanta mafita yakan ga kamar a fili take tun da can.

Bayan haka sai a duba cikar bayani da fitowar ma'ana. Yawancin takardu suna da jadawalin da ke nuna kulocin da ke kame da wanda ke sake a kowane yanayin tafiya, kuma yana da kyau a gwada kowane layi a kan zanen sanda. Wani lokaci akan tarar cewa layi guda yana kulle giyar gaba ɗaya, ko yana barin injin mai ba shi da abin da zai tokara, wanda ke nufin ko dai an yi kuskuren rubutu ko kuma yanayin ba ya yiwuwa. Da'awar da ta faɗi sakamako kawai, kamar "na'urar sarrafawa da ke sauya yanayi ba tare da fizga ba", tana bukatar a tambayi mai nema ta yaya, da wane ma'auni, kuma a wane lokaci. Irin waɗannan kalmomi masu faɗi ne ke zama abin jayayya daga baya. Haƙƙin Alex Severinsky mai lamba 5,343,970 na 1994, mallakar kamfanin Paice, ya yi magana a kan na'urar isar da ƙarfin murɗawa da ake iya sarrafawa, kuma a 2005, a ƙarar da Paice ya shigar kan Toyota, masu taya alƙali hukunci a Texas suka ga cewa tsarin Toyota ya yi daidai da ita a aiki duk da cewa ginin ya bambanta. Ɓangarorin biyu sun sasanta a 2010.

Rahoton da za a aika wa mai nema ya ɗauki da'awowi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna sakin layi da lambar zane inda aka sami kowane ɓangare a tsohuwar takarda, sannan idan an haɗa takardu biyu ya faɗi dalilin da zai sa ƙwararre ya haɗa su. Idan akwai da'awa mai jingina da wata da ake ganin za ta tsira, a faɗa, domin hakan yana rage yawan kai da komo. Ofishin Amurka yakan ba da wata uku don amsa, ana iya tsawaitawa zuwa shida, na Turai kuma yakan ba da wata huɗu. Idan amsa ta zo da gyara, abu na farko da za a duba shi ne ko gyaran yana da tushe a takardar asali. Mai nema yakan ciro birki guda daga zane na biyar ya saka shi a da'awa, ya bar kuloci da giyar da ke aiki tare da shi a wannan zane, kuma idan takardar asali ba ta nuna cewa birkin yana iya tsayawa shi kaɗai ba, wannan ƙari ne da ba a yarda da shi. Idan gyaran ya wuce wannan mataki, sai a sake zana sandar da sabuwar da'awa, a kuma koma bincike idan sabon ɓangaren ya fito ne daga cikin bayani, tunda binciken farko bai taɓa shi ba.