Tankin kifi a gidan haya: kashedi ga 'yan Kebbi sababbin zuwa Ingila

Masu tasowa daga Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Jega, har da 'yan uwanmu na Gusau da Talatar Mafara, sai ƙaruwa kuke yi a Ingila, akasari ɗalibai da ma'aikatan jinya. Sannunku da zuwa. Batun layin waya da asusun banki da rajistar likita ba zan cinye muku lokaci a kai ba, duk wanda ya tarbo ku daga filin jirgi zai nuna muku. Takardar zama ma ta koma intanet tun da katin izinin zama na BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024, abin da ya rage muku shi ne ku iya fitar da lambar da mai gida zai tantance ku da ita kafin ya miƙa makulli. Maganata a kan wani abu ce da ba a sa shi cikin jawabin maraba, alhali ya cinye wa mutanenmu kuɗi fiye da tarar ajiye mota: babban tankin kifi na gilashi a cikin falo.

Na san dalilin da ya sa abin ya fi kama mu. Mu mutanen ruwa ne, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa, kuma duk yaron da ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun afka ruwa da homa da gora, to kifi ya shiga ransa ke nan. Sai ga shi ya sauka garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu a watan Disamba, ya shiga kantin sayar da kifin ado don ya fake wa ruwan sama, ya tarar da ƙurungu na iyo a bayan gilashi an liƙa masa farashi da fam. Har talibambam ake sayarwa. Daga nan sai ya hau Facebook ko shafin tallan kaya na Gumtree, ya ga wani Bature na cewa ga tanki mai ƙafa huɗu ko biyar, kyauta, a zo a ɗauka kawai. Kafin ka ankara an tara samari huɗu an yi hayar mota.

Wani yaro daga wajen Yawuri ya kira ni yana murna in zo in ga nasa. Na tambaye shi shekarar tankin nawa. Ya ce, "Kawu, kyauta anka ba ni shi, kuma ko kwarzane babu ga gilashin." Na ce masa, ɗana, ruwa ba ya tsami banza, matsa in duba kusurwa.

Ai gilashi ba ya tsufa yadda za ka damu da shi. Abin da ke tsufa shi ne danƙon silikon da ya haɗa fallayen gilashin biyar, shi kaɗai ke riƙe da ruwan dare da rana. Masu wannan sana'a yawanci suna ba shi shekara 10 zuwa 15. Akwai tankunan da suka haura 20 lafiya lau, amma waɗannan su ne aka kafa wuri guda a kan daɓe madaidaici, aka cika su da ruwa, ba a sake gusar da su ba. Tankin kyauta kuwa tarihinsa daban ne. Sau da yawa ya yi shekara goma a falon mai shi, sannan ya yi wasu shekarun a bushe cikin gareji, sanyi na dukansa, zafi na dukansa, danƙon ya ƙandare. Ranar da ka cika shi zai riƙe ruwan, mako guda ma zai riƙe. Ba ya nuna halinsa sai bayan watanni, kuma yawanci cikin dare ko kana wurin aiki, don lokutan da ba ka kallonsa sun fi yawa.

A tankin yaron nan, na sa fitilar waya a kusurwar gaba ta hagu. Tsakanin gilasan biyu, inda ya kamata danƙon ya zama fes, akwai jerin ƙananan kumfa da wani fari-fari da ya gangaro kamar tsawon yatsa. A waje, can ƙasa, ga farin ɓawo ya bushe, alamar ruwa ya daɗe yana tsattsafowa yana ƙafewa. Na sa farce a bakin danƙon ciki, ya ɗago. Katakon teburin da aka haɗo shi da shi ya kumbura ta baya, irin katakon nan na garin itace da aka matse, wanda in ya sha ruwa sau ɗaya ya gama aiki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ka bar wa mai shi kayansa. Ka kuma duba sandar da ta gitta saman tankin ta tsakiya, domin in ta tsage ko wani ya cire ta, gilashin gaba zai riƙa turo ciki a hankali yana jan danƙon.

Masu cewa za su shafa sabon silikon a kan tsohon su sani sabo ba ya kama tsoho. Gyaran gaske sai an kankare na dā tas, wani lokaci sai an wargaza fallayen an sake haɗawa, kuma silikon na banɗaki da ake sayarwa ko'ina yana da maganin hana fumfuna wanda ke kashe kifi. Akwai tankin akirilik, wato roba mai kama da gilashi, wanda narkar da bakinsa ake yi a haɗe ba da danƙo ba. Ya fi sauƙin ɗauka kuma yakan fi daɗewa, sai dai tsada da saurin karcewa. Shi ma ba dawwamamme ba ne. Katafaren tankin AquaDom da ke cikin wani otal a Balin ta Jamus na akirilik ne, an buɗe shi a 2003, ya fashe da asubahin 16 ga Disamba 2022, ruwa kusan lita miliyan ɗaya da kifi wajen 1,500 suka malale har titi. Injiniyoyi ne ke kula da wancan.

Sai nauyi, wanda a gida ba ma tunaninsa saboda daɓen siminti muka saba da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗin 50, tsayin 60 yana cin lita 360. Haɗa da gilashi da yashi da duwatsu da tebur, ka doshi kilo 450, wato buhun shinkafa tara mai kilo hamsin-hamsin an jibge su a wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba. Benen yawancin gidajen Ingila na katako ne, kuma ƙa'idar gini ta gidajen zama tana lissafa kimanin kilo 150 ne a kowane murabba'in mita idan an baza nauyin a ɗakin. Ba lallai benen ya rufta ba, amma zai iya lotsawa kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya karkata tankin nauyi ya koma kan kusurwa ɗaya. Haka tanki mai shekara 15 a gaba ke komawa mai shekara uku. In dole ne, a jingina shi da bango mai ɗauke da gini, a gicciye kan katakan bene ba a bi tsawonsu ba, a kuma gwada shi da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa kafin a cika da bayan an cika.

Yanzu ga inda abin yake ciwo, wato mai gida. Ni na ga wannan da idona a gidan da na fara haya, a hawa na biyu. Maƙwabciyata ta ƙasa, wata dattijuwa, ita ta buga mini ƙofa kafin kiran asuba, ruwa na ɗiga ta fitilar silin ɗinta. Tankina bai fashe ba, ko ƙara bai yi ba. Kusurwa ɗaya ce ta buɗe, rabin ruwan ya bi ta ƙarƙashin kafet ya sauka. Kifayen na kwance a ɗan abin da ya rage suna haki. Kafin azahar dillalin gidan ya iso da kyamara, yana murmushi yana ce mini kada in damu. Bayan kwanaki wasiƙa ta zo, ba murmushi a cikinta: sabon kafet, katakon ƙasa, silin na maƙwabciya, mai gyaran wuta, injin busar da ɗaki. A ƙarshe an ja layi ƙarƙashin wani sashe na yarjejeniyar haya da ya ce ba a ajiye dabba ko wane iri sai da rubutaccen izini. A wurinsu kifi na cikin lissafi, wasu yarjejeniyoyin ma sukan ambaci tankin ruwa ƙarara.

Ku fahimci yadda kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke bayarwa jingina lokacin shiga gida, ke aiki tun kafin ku buƙaci sanin. A Ingila, dokar 2019 ta ƙayyade shi kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar ga yawancin gidaje. Mai biyan fam 900 a wata, nasa bai wuce kusan fam 1,038 ba. Dole mai gida ya saka shi cikin ɗaya daga hukumomin ajiya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida. In kun saɓa a kan abin da za a cire, hukumar na da mai raba gardama kyauta, kuma takardu kawai yake dubawa, ba ya jin rantsuwa ko "wallahi haka na tarar da shi". Abin da ya rage mini asara shi ne takardar lissafin kayan gida ta ranar shiga, wadda ta nuna kafet ɗin tsoho ne mai tabo tun asali. Mai raba gardama ba ya yarda a caje ka kuɗin sabo fil a madadin tsohon da ya ci rabin rayuwarsa. Shi ya sa nake jin haushin masu sa hannu a wannan takarda a tsaye bakin ƙofa don suna ɗokin shiga. Ku karanta ta ɗaki bayan ɗaki, ku ɗauki hoto, ku tura wa dillali ta imel a ranar.

Amma kada ku ɗauka iyakar asarar ke nan. Idan ɓarnar ta fi kuɗin ajiya, mai gida na iya bin ragowar a kotu, kuma hukuncin bashi da ba a biya cikin wata ɗaya ba yana zama a tarihin mutum shekara shida, ya tare masa hayar gaba da rancen mota. Inshorar mai gida ta gininsa ce, ba ta san katifarka ko kwamfutarka ba. Kai ne za ka yanki taka ta kayan ɗaki, ka tabbatar ta haɗa da ɓarnar da ɗan haya ya yi wa gida, ka tambaye su a rubuce ko ruwan tankin kifi na ciki. Waɗanda suka haɗa hannu su huɗu a yarjejeniya ɗaya kuwa, tankin mutum ɗaya ne amma bashin na kowa ne, na ga zumuncin 'yan gari ɗaya ya lalace a kan haka. Wanda ke zaune a ɗaki cikin gidan da mai gidan ke kwana, shi dokar ajiyar ma ba ta kare shi ba. Sikotilan kuma dokokinta daban ne, wanda ya nufi Gilasgo ya tambayi mutanen can.

Sannan mai gida na gaba zai nemi shaidar na baya. Wannan ne ya fi daɗewa yana bin mutum. Sai ka ga magidanci mai aiki mai kyau yana bin dattawan jama'armu wani ya tsaya masa, kuma alhamdu lillahi ana tsayawa, don mutanenmu ba sa barin nasu a titi. Sai dai masu tsayawar ma sun fara gajiya da jin labari iri ɗaya.

Abin da nake so sabon zuwa ya auna shi ne shekarun tanki da nasa zaman. Tanki na son shekara goma a wuri ɗaya. Kai kuwa a shekarunka na farko za ka tashi daga ɗakin ɗalibai zuwa gidan haɗaka, iyali su iso ka sake tashi, aiki ya kai ka wani gari. Kowane tashi sai an kwashe ruwa da yashi kaf, don tankin da aka ɗaga da ko ɗan ruwa a ciki murɗewa yake yi, danƙon ya sami rauni. Kifayen ma ba na kwana biyu ba ne. Jan kifin nan na ado yana kai shekara 10 zuwa 20, ƙurungu ma yakan haura goma, talibambam kuma yana girma ya kai santimita 40, ya cinye duk wanda aka haɗa su. Sauran kayan, hita da famfon tace ruwa da fitila, 'yan shekaru suke yi a sauya su, kuma wuta suke ci ba dare ba rana. Mai mita ta kati ya tuna in kuɗi ya ƙare yana wurin aikin dare, famfon ya tsaya ke nan. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, sai an sa maganinsa, sabon tanki kuma yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ya iya ɗaukar kifi da yawa. Sannan ka tanadi wanda zai kula da su in ka tafi gida Babbar Sallah wata guda.

In zuciya ta ƙi haƙura, sayi sabo ƙarami mai lita 60, ajiye rasit, nemi izinin mai gida ta imel kafin ka shigo da shi. Babban kuma ka bari sai ka sami gidan ƙasa mai daɓen siminti wanda ka san za ka daɗe a ciki. Wanda ya riga ya ɗauko na kyauta, ya fitar da shi bayan gida a kan wuri madaidaici, ya cika shi taf, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashi ya bar shi kwana biyu. In ta jiƙe, wurin zubar da tarkace na ƙaramar hukuma yana karɓa. Kifin da ya fi ƙarfinka kuma ka mayar wa kanti ko ka nemi mai so, kada ka juye shi a kogi ko magudanar jiragen ruwa da ke bayan unguwa, laifi ne a dokar 1981 ta kare namun daji. Su ma 'yan Argungu masu hangen wannan ruwan da ƙugiya a aljihu, duk wanda ya kai shekara 13 sai ya yanki lasin kafin ya jefa ta.