In an buge maka motar lantarki, ga yadda zaka bi da inshora da gyara

Toh jama'a yanzu motocin lantarki sun fara yawa a Abuja da Legas, har Kano ana ganinsu jefi-jefi, Tesla 'yan gwanjon Amurka, BYD na Chaina, ga Hyundai Kona da Stallion suka fara haɗawa a Legas tun 2020. Kowa hirar da yake yi ita ce ya huta da layin gidan mai, amma ba mai maganar ranar da kana tsaye a danja wani mai tifa zai zo ya ɗirka maka ta baya. Allah ya tsare, amma in ta faru kar ka bi da ita yadda ka saba bi da Corolla ɗinka, domin a wannan motar batirin shi ne motar, sauran duk gwangwani ne da kujeru.

A wurin da abin ya faru fara duba mutane tukunna, in akwai rauni kira 'yan Road Safety a 122 ko kuma 112. Sai ka sa giya a P ka kashe motar ka nisanta da makullin, saboda ita bata da ƙarar inji, zaka ɗauka a mace take alhali a kunne take, wani ya taɓa totur ta zabura cikin mutane. Kuma ka san halinmu, kafin ka ce kwabo an cika wurin da 'yan taimako kowa na son ɗaga bonet yana jan waya, to ka hana su ko da za a ce kana da girman kai. Duk wayar da kaga mai ruwan lemo ce ta babban batir, wutar da ke cikinta kusan bolt 400 ce, wasu kamar Ioniq 5 da Kia EV6 har 800, ta gidanka da take fizgar mutum 230 ce kawai. In kaga hayaƙi ta ƙasa, ko kana jin wani tsuwwa da ɗan fashe-fashe, ko wani wari da baka saba ji ba, kowa ya matsa nesa a kira 'yan kwana-kwana a gaya musu tun a waya cewa ta lantarki ce. Wannan ɗan jan tulun kashe gobara na but ba abin da zai yi wa batir, Tesla da kansu a takardar da suka yi wa masu ceto sun ce yana iya cin ruwa wajen lita 11,000.

Ɗauki hoto ta ko'ina kafin a motsa motocin, lambar ɗayan, titi, sannan ka durƙusa ka ɗauki ƙasan motarka don nan batirin yake kwance. Saƙon gargaɗin da ya fito a sikirin ma ka ɗauka. Mai Tesla ya ciro filashin da kyamarorin suke ajiye bidiyo, ya fi shaidu goma. Ka je ofishin 'yan sanda ɓangaren MTD, wato masu kula da harkar motoci da haɗurra, a baka rahoto a rubuce, kamfanin inshora zasu nema.

Nan ne kuma dattawan wurin zasu fara, Alhaji ayi haƙuri, ai bamba ce kawai ta tsage, ga dubu hamsin a wuce wurin. Haƙuri abu ne mai kyau amma kar ka karɓi kuɗin ka ce an gama, ba ka san me ya taɓu a ciki ba. Duba lambar motarsa a shafin askniid.org kaga ko inshorarsa ta gaske ce ko irin wadda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin. Ko ta gasken ce ma, tun 1 ga Janairun 2023 da NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ta mai da inshorar tad fati ta motar gida naira 15,000, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiya miliyan 3 ne, wanda in batir ya taɓu ko hanya bai kama ba. Kuma in kai ma tad fati ɗin gareka ka sani bata gyara taka motar, ta wanda ka buge take gyarawa. Wanda ya iya sayen motar lantarki gaskiya ya daure ya yi kwamfirehensif, wadda take gyara har taka motar, ƙa'idar NAICOM ba ta ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar, mai ƙyamar inshora saboda addini akwai kamfanonin takaful masu lasisi.

Maganar ɗauke ta daga wurin: ba a ɗaura mata igiya, ba a kuma kiran janwen da zai ɗaga gaba ya bar tayoyin baya suna gudu a kwalta, saboda in tayar da ke haɗe da injin lantarkin tana juyawa, injin yana haifar da wuta kamar janareta, sai ka ƙona abin da hatsarin bai taɓa ba kuma inshora su ce wannan kai ka jawo. Mai shimfiɗaɗɗen baya zaka nema a ɗora ta gaba ɗaya. Inda za a ajiye ta kuma fili ne, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana cewa a bar tazarar kusan mita 15 tsakaninta da gini ko wata mota, don batirin da ya bugu yana iya tashi da wuta bayan awanni ko ma kwanaki. Kar ka shigar da ita garejin gida kusa da jarkokin man janareta, kar kuma ka jona ta a caji wai kaga ko tana ɗauka.

A ranar ka sanar da kamfanin inshorarka, ka kira sannan ka bi da imel don ya zama akwai shaida, cikin takardar yarjejeniyarka an rubuta kwanakin da aka baka. Ko kusa ɗaya kar a kwance kafin mai kiyasin asararsu ya zo ya gani. Da yawan masu kiyasin nan motar fetur suka sani, zai zagaya ya rubuta bamba, fitila, fenti, ya rufe littafi. Kai zaka tsaya kai da fata a saka gwajin batir cikin kiyasin, a ɗaga motar a duba kwanon ƙasa ko ya lotsa, a duba bututun ruwan sanyaya shi, a jona kwamfuta a karanta lafiyarsa, a auna ko wuta na zurarewa zuwa bodi, kuma a baka sakamakon a takarda. In jakar iska ta fashe, galibinsu akwai wani fis da yake tsinke babbar wutar nan take, shi ya sa motar take mutuwa murus, sai an sa sabo, shi ma a rubuta shi. Garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000 da yawancin kamfanoni ke bayarwa bai shafi hatsari ba, kar wani ya tura ka can.

Wani abu da yake cin mutane, kuɗin da ka rubuta darajar motar. Tun da aka saki naira a 2023 farashin komai ya tashi, in har yanzu tsohon farashi ne a takardarka zasu iya biyanka daidai da abin da ka rubuta ne ka cike sauran daga aljihu, ban da kason da tun farko aka ce kai zaka fara biya. Kayan gyaran kuma da dala ake sayo su, ba zaka shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka ɗauko fitilar Tesla Model 3 kamar ta Golf ba, don haka a rubuta cewa in farashi ya canza kafin kaya su iso za a ƙara kiyasin. In motar dama can mai hatsari ce aka siyo ta a gwanjo aka gyara, ka faɗa musu gaskiya tun ranar yin inshora, lambar shasi tana tona komai.

Bangaren gyara, ina girmama fanel bitocinmu wallahi suna da hannu, amma mai hura wutar gas kusa da batir ba shi zaka ba ba. Tesla Model S da Model X ma yawancin jikinsu alminiyom ne, baya miƙewa da guduma yadda ƙarfe yake yi. Tambayi garejin kai tsaye, waye a cikinku ya koyi katse babbar wutar, ina safar hannunsa ta roba, wace kwamfuta kuke da ita. In an canza gilashin gaba ko bamba dole a sake saita kyamarori da na'urorin da ke taka birki da kansu. Kuma in kiyasi ya nuna sai an canza batir, kar ka yi mamaki su ce su dai zasu biya ka kuɗin motar su ɗauki gawar, sau da yawa hakan ya fi maka alheri. Kamfanin hayar mota na Hertz ma a Janairun 2024 da suka ce zasu sayar da motocin lantarki 20,000, tsadar gyara na cikin dalilan da suka bayar.

Takardar sallama da zasu miƙo ka sa hannu cewa an biya ka kun rabu, kar ka sa sai ka tuƙa motar, ka caje ta ta cika kaga kilomita nawa take nunawa idan ka haɗa da kafin hatsarin, kaga ba wani gargaɗi a sikirin. In suna ta ja maka rai babu dalili, haɗa imel ɗinku da rahoton 'yan sanda da hotuna ka kai ƙara sashen koke na NAICOM.