Yadda za ka mayar da bas ɗakin kwana ba tare da ka kashe motar ba

Sana'ata haɗa sola a rijiyoyin burtsatse, kuma daga Daura nake tashi. Yau Baure, gobe Zango, wani lokaci aiki ya ja ni har Gumel ko Haɗeja. Ƙauyen da za ka yi kwanaki kana aiki ba lallai a samu masauki ba, shi ya sa na cire kujerun bayan Hiace ɗina na mayar da ita ɗaki. Duk ranar Lahadin da na tsaya da ita a kasuwar Mai'aduwa sai an samu mai leƙowa yana tambayar wanda ya yi mini aikin. Masu fatauci da 'yan kwangila ne suka fi tambaya, sai kuma masu son zuwa Yankari da iyali ba tare da biyan otal ba. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin kasuwa, don haka ga ta a rubuce.

Kada ka fara da sha'awar irin motocin kwanan nan da ake gani a bidiyon Turai, masu kicin da bayi a ciki. Yawancinsu a kan Fiat Ducato aka gina su, an yi su ne don ƙasar sanyi da titi mai santsi. Gindinsu ya yi tsawo bayan tayar baya, kwalbati ɗaya mai tudu ya isa ya fasa tankin ruwan da ke ƙasa. In wani abu ya lalace a Sandamu kuma, sai ka jira kaya daga Legas. Hiace kuwa duk bakaniken da ke bakin tasha ya san cikinta, kayanta kuma in babu a Katsina akwai a Ƙofar Ruwa a Kano. Nemi mai dogon rufi in da hali, don tsayuwa a miƙe lokacin sa kaya ba ƙaramin abu ba ne. Wajen saye, kwanta ka duba ƙasanta da tocila. Injin da ya gaji ana gyarawa, amma shasin da tsatsa ta ci ko aka taɓa yi wa walda bayan haɗari, bar wa mai shi kayansa.

Abin da ke kashe irin wannan mota nauyi ne, kuma a gaban kafinta ake fara kashe ta. Kafinta ya saba da aikin gida, inda kabad mai nauyi shi ne mai kyau. Za ka ji yana cewa, "Alhaji, a sa maɗaci mana, ya fi ƙarko, ƙasan kuma a yi tayil." Ka ce a'a, ka tsaya a kan a'arka. Hiace kayan da take ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan abu ba, har da kai da fasinjanka. Zauna da biro ka lissafa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan. Batir babba irin na inbatar gida mai amfiya 200 ya kai kilo 60. Ƙara tukunyar gas, faifan sola, katifa, buhun shinkafa, akwatin kayan aiki, safaya. Kafin ka ankara rabin nauyin ya tafi, ba a kafa ƙusa ɗaya ba. Gadon nawa siririn bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, aka ɗora masa filawud, ƙarƙashinsa ma'ajiya. Ƙasa ledar ɗaki ce kawai. Duk abu mai nauyi, wato ruwa da batir, a ƙasa yake zaune tsakanin tayoyin gaba da na baya, an ɗaure shi da noti a jikin motar. Kada a tara shi a ɓangare ɗaya, kada kuma a ɗora shi a kan rufi. Bas doguwa ce dama, in samanta ya yi nauyi za ka ji tana rangaji a kwana.

Akwai gwaji mai sauƙi. Kafin a fara aiki, auna da tef daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman kowace taya, ka rubuta. In an gama an loda komai, sake aunawa. Idan hagu ya fi dama sauka, kayanka sun karkata. Idan sifirin baya ya miƙe ya kwanta, rage kaya. Masu ƙara ganyen sifirin suna ɗaga motar ne kawai, birkin da tayar suna nan yadda kamfani ya yi su.

Wuta ita ce fannina, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Batirin da ke tayar da inji daban, batirin ɗaki daban. Wanda ya jona fanka da firji a batirin mota, da asuba zai fita neman masu turi. A haɗa su ta rile mai raba su idan inji ya mutu, ko ta cajar da aka yi musamman don haka, yadda altaneta za ta riƙa cika na ɗakin kana tafiya.

Lissafin yini ɗaya kuwa kamar haka yake. Ƙaramin firji mai kwamfiresa na bolt 12 a zafinmu yana shan wat 500 na awa ko kusa da haka. Fanka biyu masu wat 20, in sun yi awa takwas, 320. Fitila da cajin waya, ka ce 100. Jimla ta haura 900. Batirin litiyam mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe kusan 1,200, kuma ana iya shan mafi yawansa, nauyinsa bai wuce kilo 13 ba. Batirin ruwa mai girman haka rabinsa kawai ake sha, in ka saba ƙarar da shi ba zai shekara ba. Ni litiyam nake cewa a saya duk da tsadarsa, sai dai a ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da wajen da rana ke duka. Faifan sola na wat 300 ya isa ya mayar da abin da ka sha, don rana ba ita muka rasa ba a wannan yanki. Da hunturu ka riƙa goge shi kowace safiya da tsumma mai laushi, ƙurar kwana ɗaya tana rage masa ƙarfi sosai.

Na'urar sanyaya ɗaki kuma ka cire ta daga ranka. Mai ƙarfin doki ɗaya za ta shanye wancan batirin cikin awa ɗaya da rabi.

Abu biyu nake gani ana sakaci da su, kuma su ke ƙona mota. Na farko siririyar waya. Wutar bolt 12 tana son waya mai kauri fiye da ta gida, in ta yi siriri sai ta yi zafi a cikin bango inda ba ka gani. Na biyu fiyus. A sa shi daf da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba a ramin. Girgizar hanyar ƙauye tana yanka rigar waya a hankali.

Zafi kuma, daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40, ƙarfen mota kuma sai ya ƙara nasa. Rufin ya zama fari. A ɗaga faifan sola da ɗan yatsa huɗu daga rufin, iska ta bi ta ƙasansa, shi ma ya huce, ya kuma yi wa rufin inuwa. A cusa abin hana zafi tsakanin bodi da filawud, a huda rufi a sa fanka mai fitar da iska, tagogi kuma a yi musu ragar sauro mai cirewa. Sai rigimar da kowa zai tarar: kai kana son inuwa, sola tana son rana. Ni nakan bar motar a rana daga safe zuwa azahar ina wajen aiki, batir ya cika, sannan in mayar da ita gindin bedi ta huce kafin dare.

Yanzu maganar da ba wasa a cikinta. Ba a kunna gawayi a cikin mota a rufe ƙofa, komai sanyin Janairu. Ba a barin inji yana aiki don sanyi a yi barci. Ba a ajiye janareta kusa da taga. Iskar da ke fita daga waɗannan ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara wa mutum nauyi har ya kasa tashi, kuma duk mun sha jin labarin iyalin da hayaƙin janareta ya ɗauke a dare ɗaya. Gas na girki shi kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Tukunyar ta zauna a tsaye cikin akwatinta, a ɗaure, da rami a ƙasan akwatin mai fita waje. A rufe ta daga kai bayan kowane girki. Gwada tiyo da ruwan omo, ba da ashana ba. Girkin ma a waje ya fi, ƙarƙashin tamfol ɗin da ka ja daga gefen mota.

Kula da inji ba wani sabon abu ba ne, sai dai mota mai ɗauke da kaya kullum tana gajiya da wuri. Bakin mai kada ya wuce kilomita 5,000. Da hunturu ka riƙa ciro iyakilina, wato matatar iskar inji, kana kakkaɓewa, a hura ta daga ciki zuwa waje, ta takarda ba a wanke ta. Lagireto ruwansa na kwalba za a zuba, ruwan rijiya yana barin gasari a ciki ya toshe hanyoyi. Bakanikai da yawa sukan cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da zarar mota ta shigo ƙasar, wai ta Turai ce. Ban yarda da wannan ba: in mota na zafi, a duba lagireto da fanka da famfon ruwa. Man bumburutu kuma sai dole, in dolen ta kama a tace shi, a kuma ajiye filtar mai sabuwa a mota tare da fambel da fiyus.

Taya a sayi mai harafin C bayan lambar girmanta, ita ce ta ɗaukar kaya. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta, ko da zanenta bai cinye ba, kuma 'yar Kwatano sau da yawa ta gama shekarunta kafin ta iso. Iska da safe ake aunawa. In ka tsaya wajen mai faci da rana tsaka ka ga ta ƙaru, kada ka bari ya sace, zafin kwalta ne.

Kafin damina, hau rufin ka duba kowane ramin noti ka sabunta gam. In kuma motar za ta daɗe a ajiye, kwashe duk abinci, ɓera in ya shiga waya yake ci.

Takardu su dace da motar: launi, lambar shasi, lambar inji. Lasin, shaidar lafiyar mota, takardar mallaka, da inshora, wadda ta motar gida ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Ka je ofishin VIO, masu duba lafiyar mota, ka gaya musu ka cire kujeru kafin su gani da kansu a hanya. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su kasance kusa da hannu. Tinti yana buƙatar izinin 'yan sanda, labule ba ya buƙatar komai, kuma ya fi rufe ɗaki. Mu da ke bakin iyaka akwai ƙarin abu. Tsakanin Daura da Kwangwalam, ko hanyar Jibiya, bas mai akwatuna a rufe dole ta ja idon kwastan. A yi kowace ma'ajiya yadda za ta buɗe da hannu ɗaya ba sai an nemo sifana ba, takardar kwastan ta motar tana tare da kai, kuma kada ka jera jarkokin fetur. Ni da an tsayar da ni nake sauka in buɗe ƙofar gefe tun kafin a ce in buɗe.

Wurin kwana shi ne inda muka rabu da Turawa gaba ɗaya. Su daji suke nema inda babu kowa. Kai cikin mutane za ka kwana. Tafiyar dare babu ita, kuma yammacin jihar Katsina, wajen Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, ba a shiga sai an tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, ba labarin makon jiya ba. Ka isa gari kafin magariba. In ƙauye ne, wuce ƙofar mai unguwa ka gaishe shi: "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Daura, aiki ya kawo ni, a mota nake kwana, ina za a ce in tsaya?" Sau da yawa kusa da masallaci za a nuna maka, tuwo kuma ya biyo baya. In kana tare da iyali, da wuya a bar mata su kwana a mota, cikin gida za a shiga da su, kuma kada ka yi gardama. A birni gidan mai mai maigadi ya fi, ka yi masa sallama, ka ba shi na goro tun da dare. Gidan wanka na kuɗi ya raba ka da ɗaukar bayi a mota, bokiti mai murfi ya isa don larurar dare. Ko ina ne, juya hancin motar ya kalli mafita, makulli yana wuri ɗaya da ka sani ko cikin duhu, kuma kada kafinta ya toshe hanyar da za ka bi daga gado zuwa kujerar direba.

In aiki ya kammala, daren farko a ƙofar gidanka za ka yi shi, da firji da fanka a kunne, ka ga abin da batir zai nuna da asuba. Sannan ka cika jarkoki ka loda komai ka ɗauki hanyar Katsina, kilomita 80 ne ko kusa. Kashe rediyo ka saurari abin da ke ƙara a baya, ka gwada birki a inda babu kowa. In ka isa, taɓa kowace taya da bayan hannu, wadda ta fi sauran zafi a duba birkinta ko boris ɗinta, sannan ka bi notocin gado da na sola da sifana ɗaya bayan ɗaya.